Ɓera a Ƙarƙashin Bonet: Abubuwan Ban Mamaki 21 ga Masu Mota a Dutse da Kewaye

Mota ta kwana lafiya, gari ya waye ta ƙi tashi. Batir da caji, tanki da mai, amma ko sau nawa aka murɗa makulli, shiru kake ji. Kafin a ɗora wa mai wayarin laifi, ko a zargi man da aka sha jiya, a ɗaga bonet a leƙa. Sau da yawa mai laifin ƙafa huɗu gare shi da dogon bindi. A Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, inda gida da gona da rumbu suke katanga ɗaya, wannan ɓarna ba baƙuwa ba ce a gareji. Ga abin da ya kamata mai mota ya sani, da mai daɗin ji da mai ɗaci.

1. Ba yunwa ke sa shi ba

Ɓera yana da haƙoran gaba huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Na babban ɓera sukan ƙaru da sama da santimita 10 a shekara. Yana rage tsawonsu ta hanyar goga na sama da na ƙasa, da kuma gwaguyar duk abin da ya tarar a gabansa. Wayar mota ta zo daidai da bakinsa, ga ta a kan hanyarsa. Galibi ba haɗiye robar yake yi ba, yanka ta yake ya zubar, ko ya ja guntayen zuwa sheƙa.

2. Haƙorinsa ya fi jan ƙarfe tauri

A ma'aunin Mohs, wanda masana ke gwada taurin ma'adinai da shi, jan ƙarfen da ke cikin waya yana kan 3, fuskar haƙorin ɓera kuwa tana wajen 5.5. Launin ruwan ɗorawar da ake gani a haƙorin ba dauɗa ba ce, sinadarin ƙarfe ne a jikinsa. Bayan haƙorin ya fi gabansa laushi, don haka ya fi saurin cinyewa, sai bakin ya zauna da kaifi kullum, kamar wuƙar da ke wasa kanta. Roba, tiyo, soso, dalma da gorar ruwa duk ba sa gagararsa.

3. Ƙofar da yake buƙata

Kusu yana iya kurɗawa ta ramin da bai wuce milimita 6 ba, wato faɗin fensir. Babban ɓera kuma santimita 2 ta ishe shi. Ta taya yake hawa, ya bi ta bayan ƙafa ya faɗa wajen inji, domin ƙasan bonet a buɗe yake. Daga can zuwa cikin mota akwai ramukan da wayoyi da sandar sitiyari suke ratsawa, waɗanda roba kawai ta toshe, sai kuma mashigar iskar da ke gindin gilashin gaba. Rufe ƙofa da ɗage gilashi na hana ɓarawo mai ƙafa biyu ne kurum.

4. Gari ne ya je ya same shi

Kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ƙaramin gari ne a gindin duwatsu. Zamanta babban birni ya sa gine-gine suka bazu cikin gonaki, daga Takur zuwa Danmasara da Fatara. Gida sabo, amma bayan katanga gero ne ko fili mai ciyawa, ga kangon da ba a ƙarasa ba a gefe. Ɓeran daji bai yi ƙaura zuwa wajen mota ba. Mota aka kai aka ajiye masa a bakin rami.

5. Hunturu ne kakarsa

A Disamba da Janairu, in dare ya raba sanyi yakan sa kowa neman mafaka. Injin da aka kashe da isha'i yakan riƙe ɗumi na sa'o'i, ga duhu, ga babu iska. Lokacin kuma an gama girbi, ɓeraye sun ci sun hayayyafa, an kwashe amfani an kai gida, su ma sun biyo sawu. Masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya suna ƙara koro su cikin gari. Wanda ke duba bonet sau ɗaya a wata da bazara, ya mai da shi kullum da hunturu.

6. Damina ma ba hutu

Ruwa in ya cika rami, mai ramin tudu yake nema. A shekarar ambaliya irin ta 2022, wadda ta shafi Ringim, Miga, Auyo da wasu ƙananan hukumomi da dama, duk abin da ke tsaye a busasshen wuri ya zama mafaka, har da motar da aka gudu da ita kan tudu. Bayan ruwa ya janye, a duba sheƙa kafin a duba mai.

7. In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Motar da ta yi lodin gero, dawa, riɗi ko gyaɗa daga Shuwarin, Sara ko Gujungu takan dawo da tsaba a lungun but da ƙarƙashin kafet. Ta gida kuma ga ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabino, burbushin ƙuli-ƙuli da takardar tsire a aljihun ƙofa. Abin da ɓera ke ci a yini bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba, don haka tafin hannu guda na hatsi abincin kwanaki ne. Hancinsa ya fi idonsa aiki nesa ba kusa ba. Share mota bayan kowace kasuwa shi ne magani mafi arha a wannan jerin.

8. Labarin ɓerayen fadar shugaban ƙasa

A watan Agustan 2017, bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya dawo daga jinyar sama da kwana 100 a Landan, kakakinsa Malam Garba Shehu ya shaida wa manema labarai cewa ɓeraye sun lalata kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki a ofishinsa, don haka zai riƙa aiki daga gida. An yi ta raha a kan maganar, daga baya ma a 2025 shi kansa ya amsa cewa ƙirƙirar ta ya yi, amma darasin a fili yake: wurin da aka daina shiga, ɓera ne ke gadonsa. Haka motar alhajin da ya tafi Makka, da wadda ke jiran kayan gyara, da taraktar da aka jingine tun bayan huɗa, da injin ban ruwa da janareta. A bar wa wani amintacce makulli, ya riƙa tayar da ita yana sauya mata wuri duk bayan kwana biyu ko uku.

9. Mako uku ya isa haihuwa

Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne, 'ya'yan kuma sukan isa haihuwa cikin wata biyu zuwa uku. Ɓeran nan na gona da gida da masana ke kira Mastomys, wanda ya cika ƙasashen Afirka kudu da Sahara, macensa tana da nonuwa da kan kai 24, kuma takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. Mai ciki ita ta fi ɓarna, domin ita ke yagar soson kujera da abin da aka shimfiɗa a cikin bonet ta yi shimfiɗar jego.

10. Waya ɗaya tak

In aka warware wayoyin motar zamani aka miƙe su, sun haura kilomita ɗaya. Tsohuwar Fijo mai kafireto wayoyinta kaɗan ne, bakanike na gani da ido ya ɗaure. Ta yanzu kuwa komai sai ya bi ta birenbos. In aka yanke siririyar wayar sensar da ke gaya masa juyin inji, mota ba za ta tashi ba. In ta nozul ce, inji ya riƙa rawa yana shan mai. In ta sensar birki ce, fitila ta kama a dashbod. A wasu injina masu fulogi shida, akwai wayar da ke kwance a kwarin tsakiyar inji, inda ɓera ya fi son kwana, kuma sai an kwance saman inji kafin hannu ya kai gare ta. Wayar ba ta da tsada, kuɗin aikin ne ke sa gumi.

11. Fiyus ba abokin gaba ba ne

Wayar da aka feƙe wa roba in ta taɓa jikin mota, fiyus ne ke ƙonewa don ya ceci sauran. In an sa sabo ya sake ƙonewa, saƙo ne cewa akwai rauni a wani wuri. Ɗaure gurbinsa da zaren waya, ko sa wanda ya fi shi lamba, shi ne buɗe wa gobara ƙofa, musamman da yake sheƙar ɓera busasshiyar ciyawa ce da tsumma da leda a jikin inji mai zafi. A ce wa mai wayarin ya bi layin har ya gano wurin, ya haɗa da dalma, ya rufe da kyau, ba murɗe da naɗin tef kawai ba.

12. Shari'ar waken suya

A 2016 wasu masu motoci suka maka kamfanin Toyota a kotun tarayya a Kalifoniya ta Amurka, suna cewa robar wayoyinsa an haɗa ta da sinadarin waken suya, shi ya sa ɓeraye ke rububinta. An yi wa Honda irin wannan ƙara. Alƙali ya kori ta Toyota a 2018, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta dawo da wani sashe nata a 2020. Abin da ba a musu a kai shi ne ɓera ya daɗe yana cin waya tun kafin a fara wannan haɗi. Mai tsohuwar Beljiyam kada ya saki jiki.

13. Tef mai yaji

Kamfanin Honda yana sayar da wani tef na naɗe waya wanda aka cuɗa da sinadarin da ke sa barkono zafi, har da hoton ɓera a jikinsa an soke shi da alamar hani. Wannan sinadari yana ƙona bakin duk dabba mai shayarwa, tsuntsu kuwa ko a jikinsa, shi ya sa kaza ke tsattsagar barkono hankali kwance. Amma kada a ce za a kwaikwaya da barbaɗa garin yaji a inji. Fanka za ta kwashe shi ta watsa wa direba a ido. Abin da ake samu a nan kusa shi ne bututun roba mai tauri na sa waya, da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a toshe mashigar iska.

14. Jamus da tata masifar

A Jamus ba ɓera ne babban mai laifi ba. Wata dabba ce da suke kira Marder, 'yar uwar dage, girmanta bai wuce na kyanwa ba. Kamfanonin inshorar ƙasar suna biyan diyyar cizonta sama da sau 200,000 a shekara. Kishi ne ke sa ta: in mota ta kwana a unguwar wani namiji ya bar warinsa, ta dawo unguwar wani, sai na biyun ya huce haushinsa a kan tiyo da waya. A watan Afrilun 2016 ɗaya daga cikinsu ta shiga taransifoma a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba, ta tsayar da babbar na'urar binciken ƙwayar zarra ta duniya na kwanaki. Darasin ya shafe mu: ɓera ma da fitsari yake shata hanya, in ba a wanke wurin ba wani zai biyo.

15. Mota cikin tamfol

A Mineral King, cikin gandun Sequoia na Kalifoniya, wasu manyan kuregun tsauni ne ke cin tiyon lagireto. Masu yawon buɗe ido sukan shimfiɗa tamfol, su hau kansa da mota, su naɗe ta daga ƙasa su ɗaure. A Niyuzilan kuma wani aku ne mai suna kea ke ɓare robar gilashi da ta waifa. A hamadar Arizona mutane sukan bar bonet a buɗe da dare, don ɓera ba ya son wurin da ba rufi. Wannan dabarar kyauta ce ga mai gida da katanga da ƙofa.

16. Tashar nukiliya da na'urar kuɗi

Ba mota kaɗai ke shan wannan ɓarna ba. A watan Maris na 2013 ɓera guda ya shiga akwatin lantarki a tashar nukiliyar Fukushima ta Japan, na'urorin sanyaya makamashi suka tsaya sama da kwana ɗaya. A watan Yunin 2018 kuma, a garin Tinsukia na Jihar Assam a Indiya, aka buɗe wata na'urar cirar kuɗi da ta yi makonni a lalace, aka tarar da takardun kuɗi na sama da rupi miliyan 1.2 sun zama diddiga, ga gawar ɓeran a ciki.

17. Kyanwa ba ta kai yadda ake zato ba

Masu bincike sun kafa kyamarori a wata ma'aikatar sarrafa shara a Brooklyn ta birnin New York, suka kalli kyanwoyi da manyan ɓeraye tsawon kwana 79. Sakamakon da suka fitar a 2018: ɓera biyu kacal aka kashe. Kyanwa ta fi son kusu da tsuntsu, babban ɓera tana shakkarsa. Amfaninta shi ne warinta da zirga-zirgarta suna sa shi rage fitowa. Sai dai ita ma tana son ɗumin inji da hunturu, don haka a bubbuga bonet kafin a tayar, kada fanbel ya kama ta.

18. Mujiya da jaɓa, waɗanda ake zalunta

Mujiyar da yara ke jifa, manya na kiranta tsuntsuwar mugun abu, ita ce ma'aikaciyar dare ta kyauta. Iyali ɗaya na farar mujiya suna cin dubban ɓeraye a shekara. A gonakin kwakwar manja na Malesiya da gonakin kwarin Jodan, akwatuna ake kafa mata don ta zauna. Jaɓa kuma, mai dogon baki da wari, ba dangin ɓera ba ce. Haƙoranta ba sa ci gaba da tsiro, ƙwari da kyankyasai take ci, ba ruwanta da waya. Ita kuwa gafiya, a Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da danginta su shinshino nakiyoyi da cutar tarin fuka. Ɗaya mai suna Magawa har lambar zinare ya samu a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya.

19. Ɓera ba ya amai

Halittar cikinsa ba ta ba shi damar mayar da abin da ya haɗiya ba. Shi ya sa yake da tsananin taka-tsantsan: sabon abinci sai ya ɗanɗana kaɗan ya jira, in ya ji ba daɗi ba zai sake kusantarsa ba. Sabon tarko ma yakan yi kwanaki yana kewaye shi. Dabarar ita ce a ajiye tarkon da tunkuza ko busasshen kifi ba tare da an ɗana ba, dare biyu ko uku, sai ya saba sannan a ɗana. A jingina shi da bango ko gefen taya, domin ɓera gefe-gefe yake bi, ba ya ratsa fili. Shinkafar ɓera kuwa ba ta dace da mota ba. Yakan ci ya shige bututun iska ya mutu, wari ya hana kowa zama har sai an kwance dashbod. Ga haɗarinta ga yara, kaji, kyanwa da mujiyar da za ta ci gawar.

20. Kafur da na'ura mai ƙara

Ƙwayoyin kafur da man na'a-na'a suna iya damunsa kwana kaɗan, zafin inji ya kore ƙamshin, shi kuma ya saba. Kafur ma guba ne ga yaro in ya haɗiya, shaƙarsa a rufaffiyar mota kuma ba alheri ba ne. Na'urorin da ake cewa suna fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, tun a 2001 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gargaɗi sama da kamfanoni 60 masu yin su da sayar da su, cewa sai sun kawo hujjar kimiyya a kan abin da suke tallatawa. Kuɗin ya fi amfani a wajen mai yankan ciyawa da mai kwashe bola.

21. Sheƙar ta fi wayar haɗari

Mastomys ɗin nan mai yawan nono shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, kuma cutar ta fi tashi da rani, daidai lokacin da ɓera ke neman inji. Ta fitsari da kashinsa ake kamuwa. Wurin da ya fi son sheƙa a mota shi ne kan matatar iska ta bayan akwatin dashbod da cikin fankar iyakwandishan, wato iskar da ake hura wa fuska. Kada a share da tsintsiya a bushe, kada a hure da iskar falkanaiza. A buɗe ƙofofi mota ta sha iska, a cire kan batir, a sa safar hannu da takunkumi, a jiƙa wurin da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a jira minti biyar, a kwashe a ƙulle a leda, a sauya matatar. A kiyaye kada ruwan ya shiga soket. Wanda ya yi wannan aiki ya kamu da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ya garzaya asibiti, ko Rasheed Shekoni a Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ya kuma faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Wa zai biya?

Inshorar dole ta naira 15,000 da mai ƙaramar mota ke yanka tun Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba wadda aka yi maka ba. Mai cikakkiyar inshora ma ya tambayi kamfaninsa ko cizon dabba na ciki, tun kafin ta faru. Ga sauran jama'a, aljihu ne zai amsa. Don haka: a share mota, a nisanta ta da rumbu, buhunan hatsi, turken awaki da bola, a motsa ta a kai a kai, a toshe ramuka da raga, a ɗana tarko a gindin bango. Da safe in za a duba mai da ruwa, a ƙara minti ɗaya a duba kashi, tsumma da ɓawon gyaɗa a kan inji. Wanda ya ga ɗayansu, ranar zai nemi mai wayarin, ba sai mota ta mutu masa tsakanin Kiyawa da Jahun ba.